Tawada a Yatsan Ango

Ranar sunan ɗan Nafi babu macen da ba ta ci ado ba a gidan nan na unguwar Mamobi, sai mutum ɗaya. Lariba ce ta shigo da kaki da takalmin soja, hula a maƙale a kafaɗa, fas ɗin kwana uku a aljihu. Daga bariki ta hawo motar haya ta tirotiro kai tsaye, gudun kada a watse ba ta zo ba. Matan tsakar gida suka kaure da guɗa kamar ita ce ta haihu, wata tsohuwa ma har ta ajiye muciya ta sara mata.

Sai da ta ɗaga labulen ɗakin mai jego sannan ta gane ta yi wauta.

Nafi na zaune a gefen katifa, ta rame, ta yi fari fat. Ba fuskar Lariba ta kalla ba, bel ɗinta ta kalla.

Tare suka shiga aikin soja a shekarar 1985, tare suka sha rana da laka, tare kuma aka karanta musu doka ranar da suka gama horo: mace na iya yin aure in ta nemi izini, amma ciki kafin cikar shekara uku, to, a bakin kakinta. Nafi ta yi aure a watan. Bayan wata biyar bel ya ƙi kamawa, ta ƙara masa huda, ta sake ƙarawa, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a filin fareti. Lariba ce da hannunta ta tattara mata kaki da takalmi ta mayar sito.

"Har ɗaki kika biyo ni da shi," in ji Nafi.

"Yi haƙuri, Nafi. Wallahi ban yi tunani ba."

"Bar shi. Matso in taɓa." Ta shafa hannun rigar a hankali. "Har yanzu ba ki iya guga ba kuraa, ko kaɗan."

Suka yi dariya, dariyar ba ta je ko'ina ba ta koma kuka.

"Kwana biyu ina naƙuda a ɗakin nan," in ji Nafi tana share ido da bakin zane. "Da da katin soja ne, da mota za a kai ni asibiti. Yanzu fa, ni da tsohuwar gidan, sai da jini ya ƙi tsayawa aka ruga neman tasi. Na ga lahira da idona, Lariba."

"Ba kin ce mini kina shan magani ba?"

"Wane magani? Na je wurin masu tsarin iyali, nas ta ce sai mijina ya zo ya sa hannu. Mijina yana hanyar Bawku da lodi, in ya dawo kwana ɗaya ne. Da na gaya mishi, ya ce shi ba zai shiga layin mata ba. Sai na sayi na wani mai jaka a tasha, jajaye, ƙulli-ƙulli a takarda. Wata biyu ina sha. Ashe maganin ƙarin jini ne, cale ƙawata." Ta nuna jaririn da haɓa. "Ya ƙara mini jini sosai paa. Ga shi nan yana barci."

Lariba ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

"Ina son ɗana, Allah ya sani," in ji Nafi, ta kama wuyan hannunta ta matse. "Amma bikinki saura sati uku. Kar ki shiga ɗakin Zuberu sai ya sa miki hannu a takardar asibitin nan. Kin ji ni? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah."

Kafin ta amsa aka yi sallama. Mma Sala ce, mahaifiyar Zuberu, wadda ta shekara talatin tana sayar da gero da dawa a Kasuwar Malam Atta amma har yau Hausarta ta Sakkwato ba ta gauraya da ta Zongo ba. Lariba ta zube ta gaishe ta. Tsohuwar ta ɗauki jaririn ta yi masa addu'a, ta shinshina kansa, ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta ɗora shi a hannun Lariba.

"Riƙe, ɗiyata, ki koya. Baɗi war haka mu ma a gidanmu za a ci wannan tuwon."

Da ta ɗaga hannu, awarwaronta suka zame har gwiwar hannu. Lariba ta lura da haka, amma hankalinta na kan nauyin da ke hannunta, wanda bai kai na bindiga ba amma ya fi ta wuyar riƙewa.

*

A unguwarsu ta Nima, babur ɗin Sajan Braimah ta fara gani a ƙofar gidansu, ranta ya ɓaci tun kafin ta shiga.

Braimah ba mugun mutum ba ne, wannan ma shi ne abin haushin. Matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu, yana da ɗaki a bariki, kuma duk Asabar sai ya zo gaishe da mahaifinta, Baba Kadiri, da ledar goro. Shi kuwa Baba Kadiri tsohon soja ne da ya ƙare a aikin gadi. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, saboda haka ranar da Lariba ta shigo masa da kaki sai da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, don kada a ga hawayen tsohon kofur.

"Kin je kin ga Nafi?" in ji Baba.

"Na gan ta, Baba."

"To kin ga ƙarshen auren farar hula. Telan nan naki, uwarsa ta riga ta gaya wa duk kasuwa cewa jika take jira. Ni ban hana ki shi ba, an raba goro. Amma goro ba igiya ba ne."

Braimah ya gyara zama ya yi murmushin nan nasa na mai haƙurin jira.

"Lariba, ni soja ne, na san oda. Yara biyu gare ni, ba na gaggawa kuraa. Takardar asibitin nan, kawo yau-yau in sa hannu." Ya taɓa aljihun gaba. "Da biro."

Ta ji inda ya dosa, don duk Nima an san Zuberu bai yi boko ba.

"Na gode, Sajan," ta ce tana kallon ƙasa. "Takardar tana da mai ita."

"In mai ita ya ƙi fa?" in ji Baba.

Ta shige ɗaki ta sauya kaya.

*

Shagon Zuberu na bakin babban titi, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da koko. Ta same shi a kan keke, tef a wuya, allura a baki. Shekara huɗu ke nan tun ranar da ta kawo masa ɗinkin Sallah ya ɓata wuyan rigar da gangan don ta dawo, ta kuwa dawo har sau uku.

"Soja marmari daga nesa," ya ce yana dariya. "Zo ki gwada rigar bikinki."

Ta ɗaga rigar daga kan tebur, wani abu ya faɗo daga ƙarƙashinta. 'Yar riga ce ta atamfa ruwan ɗorawa, ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Dariyar Zuberu ta ɗauke.

"Mma ce ta kawo yadin," ya ce. "Ta ce in ɗinka shida."

Lariba ta zauna a kan benci da 'yar rigar a cinya. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba: dokar shekara uku, bel ɗin Nafi, jajayen ƙwayoyin mai jaka, da takardar da nas ke so. Yana ji yana murza allura tsakanin yatsu.

"Saura shekara biyu da wata ɗaya," ta ce. "Shi ke nan abin da nake roƙo."

"Shi ke nan?" Ya ajiye allurar. "Lariba, tara Mma ta haifa. Ni kaɗai na rayu. Takwas ta binne, wasu ko suna ba a yi ba. Tun ina yaro take ce mini ni ne zan cika mata ɗaki. Yanzu in je in dangwala a takarda cewa ba na so?"

"Ba cewa za ka yi ba ka so ba. Cewa za ka yi ka jira."

"A kunnenta duk ɗaya ne."

"Na tambayi malamar da ta koya mana karatu. Ta ce in miji da mata sun yarda, hutu ba kisa ba ne."

"Malama ba ita za ta kalli idon Mma ba." Ya matso, murya ta yi ƙasa. "Ki bar sojan mana. Keken nan zai riƙe mu, wallahi zai riƙe mu. Me kika rasa?"

Nan hawaye suka zubo mata, amma muryarta ba ta karye ba.

"Ka san mu nawa muka tsaya layi ranar ɗauka? Ka san sau nawa aka ce mini 'yar Zongo waken shinkafa ta iya sayarwa, ba fareti ba? Wata shida ina gudu da takalmin da ya fi ƙafata, farcena biyu suka fita. Ban taɓa samun abin da yake nawa ni kaɗai ba, Zuberu, sai kakin nan. Ba don Baba nake so ba, ba don ƙannena ba. Ni nake so. Kuma kai ma ina son ka, shi ne ya sa nake kuka a shagon mutane."

"To in aka ce ki zaɓa?"

"Kar ka sa ni."

"Braimah ba zai sa ki ba, ko?" Maganar ta fito masa da ɗaci. "Na ga babur ɗinsa ya wuce."

"Ya ce in kawo ya sa hannu yau. Na ce takardar tana da mai ita." Ta tashi, ta ninke 'yar rigar ta ajiye masa a kan keke. "Jibi Litinin, ƙarfe takwas, ina ƙofar asibitin. Ƙarfe shida na yamma fas ɗina zai ƙare. In ban gan ka ba, na ji amsarka, kuma ba zan zage ka ba."

Ya kira sunanta sau biyu, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ta faɗi jarrabawa.

*

Takwas ta yi, tara ta yi. Lariba na tsaye a bakin ƙofar da kakinta, mata na wucewa da goyo suna kallonta. Sai tara da rabi ta hango shi, ya ja hula har gira kamar mai gudun 'yan sanda.

"Na zo," ya ce, bai kalle ta ba. "Kar ki ce komai."

Shi kaɗai ne namiji a benci. Matan suka yi ta zunɗe da harshen Tuwi, wata ma ta ce da ƙarfi a ba shi kujera, yau an ga mijin ƙwarai. Zuberu ya yi ta haɗa gumi kamar mai zazzaɓi.

Nas ɗin babbar mace ce mai tabarau. Ta auna Lariba, ta yi mata tambayoyi, ta ji ranar biki, sannan ta turo wa Zuberu takarda da biro. Ya riƙe biron da kyau, ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da rubutun Larabci, daga dama zuwa hagu, rubutu mai kyau irin na wanda ya sauke.

Nas ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa.

"Wannan ba na iya karantawa. In an zo dubawa, me zan ce?" Ta jawo wani ɗan gwangwani mai soso a ciki, ya sha tawada ruwan shuni. "Kawo babban yatsa."

Lariba ta ga yadda fuskarsa ta sauya, ta ji kamar ta ce a fasa. Amma ya miƙa yatsan. Ya danna shi a soson, ya danna a takardar da ƙarfi kamar mai guga, har sai da teburin ya motsa.

Nas ta ba ta kati uku na ƙwaya a cikin ambulan, ta ce ta fara gobe da safe, kullum ɗaya, ko ana ruwa ko ana fareti.

A waje ne rigima ta tashi. Tawadar ta ƙi fita. Ya wanke da sabulu a famfo, ya goga da lemun tsami, ya goga da kananzir a shago, ta dai yi duhu ta shige cikin zanen fata da gefen farce. Kuma yau ne Mma Sala ta ce su zo tare, Lariba ta yi mata sallama kafin ta koma bariki.

Zuberu ya waiga, ya ɗauki wani ƙyalle a ƙasan keke ya naɗe yatsan, ya ɗaure da zare.

"Zan ce allurar keke ce ta soke ni."

"Cire shi," in ji Lariba. "Tawada ba wanda zai duba. Wannan kuwa tuta ka kafa."

"Ba ki san Mma ba."

Gaskiyarsa, ba ta san ta ba, amma shi ma da ya ce ya sani ya manta abu ɗaya: matar da ta binne takwas ba ta ganin ɗauri a jikin na tara ta yi shiru.

*

Sun same ta a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ranar kasuwa ce amma ba ta fita ba. Ko gaisuwa ba a gama ba idonta ya sauka a kan ƙyallen.

"Mene ne wannan?"

"Allura ce, Mma. Ba wani abu ba ne."

"Allurar keke a yatsan tela, ka ce ba wani abu ba? Haka na Alu maƙwabcinmu ya fara, sai da aka yanke. Kawo in gani, kada ya yi ruwa."

"Na sa magani."

"Zuberu."

Ya miƙa hannun kamar yaron da aka kama da nama. Ta tsinke zaren da haƙori, ta warware ƙyallen. Sai ta tsaya. Ta dubi ƙyallen, atamfa ruwan ɗorawa, ta gane yadinta. Ta dubi yatsan, babu rauni ko na ƙwayar gero, sai tawada irin ta dangwala ƙuri'a.

"Shekara nawa rabon da a yi zaɓe a ƙasar nan?" ta ce a hankali. "Ko an yi ne ban ji ba?"

"Ƙungiyar teloli ce, Mma. Takardar..."

"Ba ta ƙungiya ba ce," in ji Lariba.

Zuberu ya juyo yana roƙonta da ido. Ta ji tausayinsa har cikin ƙashi, amma ta riga ta yanke: ba za ta shiga gidan nan ta ƙofar ƙarya ba, don ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ita ce za ta zauna a cikinsa shekara biyu. Ta durƙusa gaban tsohuwar, ta fito da ambulan ɗin daga aljihun kaki ta ajiye a kan tabarma.

"Ni na sa shi, Mma. Maganin hutun haihuwa ne. In na yi ciki kafin shekara biyu za a kore ni daga aiki kamar yadda aka kori Nafi. Ba na ƙin haihuwa, Allah ne shaidata. Jira nake roƙo. In kin ce a fasa bikin, ba zan ga laifinki ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, kuma ba zan bar aikina ba."

Matar da ke wanki a gefe ta bar hannunta cikin kumfa, kunne ya miƙe.

Mma Sala ba ta taɓa ambulan ɗin ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Zuberu," ta ce, "shiga ɗaki ka ɗauko mini ƙwaryar lallen da na saya na biki. Ka tafi bayan gida ka kwaɓa kaɗan, ka matsa lemun tsami. Kada ka dawo sai ya yi laushi."

Ya tashi ya tafi. Ita kuma ta dafa bango ta miƙe, ta ce wa Lariba ta biyo ta ciki, ta saki labule.

Ɗakin na ƙamshin turaren wuta da wani wari kuma a ƙarƙashinsa, irin na asibiti. A kan akwati Lariba ta ga 'yan riguna biyar ruwan ɗorawa a jere.

"Zauna. Kin iya magana, soja. Yanzu ki iya ji." Tsohuwar ta kama hannun Lariba ta ɗora a gefen cikinta, ƙarƙashin zane. Wani abu ne a wurin mai tauri kamar dutsen niƙa. "Tun azumin bara yake girma. Na je an duba. Likita bai ɓoye mini ba, don na ce masa ni ba yarinya ba ce. Wata tara zan iya ja, in Allah ya so. Shekara biyu kam, ban sani ba."

Lariba ta janye hannunta a hankali.

"Zuberu ya sani?"

"Bai sani ba, kuma ba daga bakinki zai ji ba."

"Mma..." Kuka ya ƙwace mata. "Mma, me ya sa ba ki faɗa ba? Da na sani..."

"Da kin sani me? Da kin fasa?"

Lariba ta buɗe baki. Ga amsar da ta dace a kan harshenta, amsar da kowace 'yar kirki za ta bayar. Ta tuna Nafi tana shafa hannun riga. Ta rufe bakin, hawaye na zuba a kan kaki.

Mma Sala ta gyaɗa kai, har da ɗan murmushi.

"Kin gani. Da kin ce e, da na san maƙaryaciya zan kawo gida." Ta jingina da bango ta numfasa. "Ni tara na yi, ɗiyata, wani kan wani. Ina shayar da wannan, wancan na ciki. Nono ya ƙafe, ni na ƙafe. Ba wanda ya taɓa miƙo mini takarda ya ce ki huta. Da an miƙo, wataƙila da uku sun rayu, wataƙila da ba haka ba, Allah ne masani. Ba zan ce miki na ji daɗi ba. Raina ya ɓaci, kuma zai daɗe a ɓace. Ban gaya miki don ki fasa ba, na gaya miki ne don ki san nauyin abin da kika ɗauka. Wanda ya ɗauki kaya bai san nauyinsu ba, shi ke yar da su a hanya."

Aka yi sallama a bakin ƙofa. Zuberu ne da lalle a murfin kwano.

"Share fuskarki," in ji tsohuwar. "Shigo."

Ta kama hannun ɗanta, ta lakato lallen ta shafe babban yatsan tun daga farce har gaɓa, ta naɗe da ganye, ta ɗaure da ƙyallen nan ruwan ɗorawa.

"Zuwa la'asar zai rufe tawadar. Wanda ya tambaya, ka ce uwarka ce ta fara yi wa ango lalle tun da wuri, don zumuɗi. Bakin matan gidan nan ya fi allurar kekenka kaifi."

Zuberu ya dubi yatsan, ya dubi uwarsa, ya kasa gaskatawa.

"Mma, kin yarda?"

"Na ce na yarda? Na dai rufa maka asiri. Raka ta, kada a kulle mata ƙofar bariki."

Murna ta cika masa fuska, ya fita neman takalmansa. Lariba ta sunkuya ta ɗauki hularta. Tsohuwar ta riƙo bel ɗinta ta jawo ta kusa, ta yi magana a kunnenta.

"Rigunan nan ki adana su, atamfa ce mai kyau, ba ta koɗewa. In mace ce ta zo, ki sa mata sunana. Ki gaya mata na jira iyakar iyawata."

*

Har mahaɗar Kawukudi Zuberu ke zuba, yana ɗaga yatsan sama kada ganyen ya faɗi. Yana lissafa wanda zai yi kiɗa, da wanda zai yanka sa, da yadda Braimah zai ji in labari ya kai masa.

"Shekara biyu kamar gobe ne," ya ce da tirotiro ta tsaya. "Za ki ga yadda Mma za ta yi rawa ranar suna. Ke ba ki taɓa ganin rawarta ba."

"Ban taɓa ba," in ji Lariba, ta shiga motar da sauri.

Washegari, kafin a busa ƙahon fareti, ta zauna a bakin gadonta na ƙarfe da kofin ruwa. Ta ɓallo ƙwaya ta farko. 'Yar mitsitsiya ce, fara, ko ƙwayar dawa ta fi ta. Ta daɗe tana kallonta a tafin hannun da har yanzu yake jin taurin nan na ƙarƙashin zane.

Aka busa ƙaho.

"Ki yafe mini, Mma," ta ce.

Ta haɗiye, ta ja bel ɗinta ta ɗaure a hudar da ta saba, ta fita layi tana kuka.